Yadda Ake Tafiyar da Makarantar Gona a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

A yawancin makarantunmu na sakandare, fartanya kayan horo ce. Wanda ya makara a miƙa masa ita, wanda ya yi surutu a nuna masa ciyawa, sannan a koma aji a rubuta ma'anar aikin gona a allo kowa ya haddace saboda jarrabawa. Ta haka yaro ɗan Kurfi ko Dutsin-Ma, wanda ya buɗe ido ya ga gero da dawa a bayan gidansu, yake gama ƙaramar sakandare yana ƙin noma fiye da ranar da ya shiga. Akwai wani tsari daban, inda ɗalibai 'yan shekara 12 zuwa 15 suke zama tare a gona mai aiki na gaske, su yi karatu, su yi noma da kiwo, su ci daga abin da suka noma. Maria Montessori, likitar nan ta Italiya, ta ba da shawarar irin wannan makaranta ga yara masu tasowa, kuma a shekarar 2000 aka buɗe guda a Huntsburg ta Amurka. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin almajiran tsangaya sun daɗe suna kwana wuri ɗaya, su yi karatu da asuba, su fita gonar malam da damina. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, irin wannan makaranta ba ta koyar da komai sai shawara da lissafin gonar suna hannun yaran. In ba haka ba, ƙwadago ne kawai ba lada, kuma kowane mataki da zan bayyana a kan wannan sharaɗi ya tsaya.

Ana farawa da zaɓen wuri, kuma a yau ba a maganar wuri a tsakiyar Jihar Katsina ba tare da maganar tsaro ba. Wanda ya ce kwanar da yara a gona ganganci ne, yana da hujja mai ƙarfi: a ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kuma Safana da Batsari da Ɗanmusa, masu maƙwabtaka da Dajin Rugu, ba su da nisa da nan. Amsar ita ce a raba wurin kwana da wurin noma. Ɗakin kwana ya kasance cikin gari, inda maƙwabta za su ji motsi, gona kuma a bakin gari, tafiyar da ba ta wuce 'yan mintoci a ƙafa ba. Idan hankalin iyaye bai kwanta ba, a soma da jeka-ka-dawo, yara su wuni tare su ci abincin rana tare, a ɗage kwana sai lokacin da ya dace. Kafin a kafa ko da turke ɗaya, sai an zauna da ma'aikatar ilimi, da hakimi, wato Yandakan Katsina a Dutsin-Ma ko Maraɗin Katsina a Kurfi, da dagaci da masu unguwanni da iyayen yara, a kuma rubuta takardar filin a fili don kada rigimar gado ta taso bayan an zuba dukiya. Hekta biyu ko uku sun isa ɗalibai talatin zuwa arba'in a farawa.

Bayan wuri sai ruwa, kuma nan ne yawancin gonakin makarantu suke mutuwa ba tare da an lura da dalili ba. Ruwan sama a wannan yanki yakan kankama ne a watan Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, dogon hutun makaranta kuwa yana faɗowa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Ma'ana, yaro zai yi shuka da noman farko, ya tafi gida, ya dawo ya tarar da hatsi ya nuna ko ciyawa ta cinye shi. Maimai, da zuba taki na biyu, da fitar kai, da lokacin da tsutsa ke shiga masara, duk a bayan idonsa aka yi su. Saboda haka makarantar da ta san abin da take yi takan mai da noman rani ya zama babban ajinta, tun daga Nuwamba har zuwa Maris, lokacin da yara suke nan daga rainon iri har tsinkar tumatir da haƙar albasa. Dutsin-Ma ta yi dace a nan, tana da madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, wadda aka kammala a 1983, inda kuma ruwanta bai kai ba, rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana da tanki ɗaya sun isa lambu. Noman damina ba a barinsa, amma ana tsara shi da sanin hutu: yara su riƙa zuwa rukuni-rukuni na 'yan kwanaki da yardar iyaye, nauyin aikin kuma yana kan manyan ma'aikatan gona, tunda iyayen ma suna bukatar 'ya'yansu a gonakin gida a wannan lokaci.

Sai mutanen da za su riƙe wurin. Malamin aikin gona mai takardar shaida bai wadatar shi kaɗai ba. Ana bukatar manomi na gaske, dattijo ko magidancin da ya shekara da shekaru yana noma a wannan ƙasa, wanda zai kalli hadari ya san ko ruwan shuka ne, a ba shi albashi da girma irin na malami, yara su kira shi Malam ko Baba. Ana bukatar uwar ɗaki ga 'yan mata, da mai kula da ɗakin maza, da mai dafa abinci da ke son koyarwa. Taimakon masana kuwa yana kusa: Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, tana da tsangayar aikin gona, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita mai horar da malamai, ga malaman gona na hukumar raya aikin gona ta jiha, KTARDA. Gonar Songhai da aka kafa a Makera zamanin Gwamna Ibrahim Shema, wadda ta ɗauko tsarinta daga cibiyar da Godfrey Nzamujo ya assasa a Jamhuriyar Benin a 1985, ita ma ta kawo wa yankin tunanin haɗa noma da kiwo ta yadda sharar wani sashe take zama abincin wani.

Mataki mafi muhimmanci shi ne rabon fili, kuma a nan babu abin da ya fi tsarin da kakanninmu suka bari, wato gandu da gayauna. Gandu shi ne babbar gonar kowa da kowa, inda ake noma gero da dawa da masara da wake da gyaɗa don tukunyar makaranta, kowa yana da ranar aikinsa a ciki. Gayauna kuwa ƙaramin yanki ne da ake ba rukuni na yara huɗu ko biyar, su ne za su yanke abin da za su shuka, su ne za su karɓi iri da taki a matsayin bashi daga asusun makaranta, su rubuta a littafinsu, su biya bayan sun sayar. Hikimar da ta sa maigida yake yanka wa ɗansa gayauna ita ce, mutum ba ya koyon noma a gonar da riba da asararta ba su shafe shi ba. Idan rukuni ya nace sai ya dasa tumatir a kusa da juna fiye da ƙima, malami ya faɗa musu illar hakan sau ɗaya, ya bar su. Asarar kwando biyu a gayauna tana da arha idan aka auna ta da abin da za su tuna har girmansu. Wani zai ce wannan ɓarnar iri ce da taki. Haka ne, kuma ya kamata a sa ta a kasafin kuɗi kamar yadda ake sa alli da takarda.

Tsarin yini yana bin zafin rana da lokutan salla. Bayan asuba da karatun Alƙur'ani, ana fita na awa ɗaya ko ɗaya da rabi don ban ruwa da ba dabbobi abinci da kwashe ƙwai, a dawo a yi wanka a karya kumallo, a shiga aji har azahar. Bayan la'asar a sake fita na ɗan lokaci. Wannan iyakar ita ce amsar masu cewa ai aikatau ne aka sauya wa suna. Aikin da ya fi ƙarfin yaro, kamar huɗa da shanu ko ɗaukar buhu, na manya ne, feshin maganin ƙwari kuwa yaro ba ya taɓa shi ko kusa, kuma ba a taɓa tura kowa gona a matsayin hukunci. Ranar da aka yi haka, an koma gidan jiya. Shara da wanke-wanke da taya girki suna zagayawa a kan kowa, 'yan mata kuma suna da gayaunarsu da littafinsu daidai da na maza, ko da an raba musu sashe.

Uban da ya ce ya kai ɗansa boko ne don ya huta da fartanya, ya zama likita ko injiniya, bai kamata a raina maganarsa ba, domin ya san wahalar da yake gudun wa ɗansa. Sai dai ya duba yadda darasi yake fitowa daga gona. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Idan aka shuka masara da tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da santimita 25 tsakanin rami da rami, tsiro ɗaya a kowane rami, za a sami kusan tsiro 53,000, kuma yaron da ya auna da igiya ya fitar da wannan adadi da kansa ya gama da lissafin faɗin fili. Kafin shuka ana ƙirga ƙwaya ɗari a shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu, bayan mako a ƙirga waɗanda suka tsiro, ga darasin kaso cikin ɗari ya zauna. A raba fili biyu, ɗaya a shuka irin gida, ɗaya ingantaccen iri na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, irin su SAMMAZ ko SAMPEA, a ba su kulawa iri ɗaya a auna amfanin, wannan shi ne gwajin kimiyya. Me ya sa dawa ke yin kyau a inda aka noma wake bara, me ya sa ƙuduji ya fi kama gonar da ta gaji, me ya sa hatsi ke yabanya a ƙarƙashin gawo, wanda ke kaɗe ganyensa da damina? Kowace tambaya babi ce a littafin kimiyya. Rahoton mako kuma ana rubuta shi da Hausa da Turanci. Manhajar gwamnati ba a taɓa ta, jarrabawar kammala aji uku tana nan, abin da ya sauya shi ne yaron ya taɓa abin da hannunsa kafin ya rubuta shi.

Kiwo ana shigo da shi a hankali, kaji da jajayen awaki kaɗan sun isa, da harawa da karmami daga gandu, takinsu kuma ya koma lambu. Rigakafi aikin likitan dabbobi ne, yara su riƙe rajistar ranakun.

Da kaka ake gane ko makarantar ta cika alkawarinta. Ana girbi, a ɗaure dammuna, a yi sussuka da shiƙa, a auna da tiya da buhu a gaban kowa, a rubuta a allo: ga abin da aka kashe, ga abin da aka samu, ga na rumbu, ga na kasuwa. Wake a zuba shi a buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba sai an sa guba a abincin yara ba. Yaran ne za su je kasuwa tare da malami su ji farashi, su yi ciniki, su dawo su yi muhawara a taron mako ko a sayar yanzu ko a ajiye sai bazara, lokacin da kaya ke tsada. Ma'aji da magatakarda daga cikinsu ake zaɓa, a riƙa sauya su kowane zango, kuɗin kuma a asusun banki mai sa hannun malami da wakilin iyaye. Ribar gayauna, bayan an cire bashi, ta masu ita ce. Tanzaniya ta gwada haɗa makaranta da gona a faɗin ƙasa bayan Julius Nyerere ya fito da manufar ilimin dogaro da kai a 1967, kuma cikin abubuwan da suka raunana shirin har da cewa a makarantu da yawa malamai ne ke yanke shawara, yara su yi aiki ba su san inda amfanin ya tafi ba. Tsangayar da ta lalace ma ta nan ta lalace, lokacin da noma ya zama na almajiri, rumbu ya zama na wani.

Wannan makaranta ba za ta ciyar da kanta gaba ɗaya ba, kuma duk wanda ya yi alkawarin haka zai ƙare da matsa wa yara aiki. Albashi da gini da rijiya nauyin gwamnati ne da al'umma, gona tana rage kuɗin abinci ne kawai. Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, da su zaɓi ƙaramar sakandare ɗaya mai fili da ruwa a kusa, su gwada da aji ɗaya a noman rani mai zuwa. Ku kuma iyaye, idan kun je ganin wurin, ku ce a kawo muku littafin lissafin gonar, ku duba ko rubutun hannun 'ya'yanku ne a ciki.