DARASI: Takardun kuɗin jabu da hukuncin wanda suka faɗo hannunsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan uwa Musulmi, mu sani masu buga jabu ba su cika wahalar da kansu a kan takardar dala ɗari ko jika guda ba, domin ribar ba ta kai wahalar ba. Takardun da suka fi bugawa a sefa su ne jika goma da jika biyar. Haka ma a naira, wadda ke yawo tsakanin Maraɗi da Katsina: dubu ɗaya da ɗari biyar ne suka fi shan jabu. Sukan shigo da su a kasuwar dabbobi, ko da almuru, lokacin da mai saye ke gaggawa kuma mai sayarwa ba ya gani sosai.

Takardun da bankin BCEAO ya fitar a 2003 suna da alamomi. Mu ɗaga takarda ga haske, za mu ga hoton da ke ɓoye cikinta da zaren tsaro. Jika biyar da jika goma suna da ɗan zane mai ƙyalli. Takardar gaskiya tana da kauri, tana ƙara idan an kaɗa ta. Ta jabu sau da yawa laushi gare ta ko santsi.

To, idan an riga an cuce mu fa? Nan ne jarrabawar take. Zuciya za ta ce: miƙa wa mai gishiri ko tsohuwa mai ƙosai, ka huta. Wannan algus ne, kuma Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya barranta daga mai algus. Imam Gazali, a cikin Ihya'u, ya bayyana cewa laifin kuɗin jabu ba ya tsayawa, yana bin kuɗin hannu zuwa hannu. Shi ya sa ya ce a jefa su rijiya, kuma wajibi ne ɗan kasuwa ya koyi gane su, don kada ya cuci ɗan uwansa bai sani ba.

A yau rijiyarmu ita ce banki ko ofishin ƴan sanda. Ba za a musanya mana ba, hasarar tamu ce. Kuma kada mu jefa ta asusun masallaci, kamar yadda ladanai ke kuka wasu na yi ranar Juma'a.