Darasi Na 14: Saƙon Waya Da Rage Ƙiba

Jama'a, karatunmu na yau a kan ƙiba ne, da yadda wayar hannu ta ke taimakon mai son rage ta.

Mu nan in mutum ya yi teɓa sai mu ce ya ji daɗi. Amma likitoci sun ce ƙiba in ta yi yawa cuta ce. Tana jawo hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da irin wannan ƙiba.

Mun sani a ƙasarmu yunwa ta fi ƙiba ɓarna. A 2024 likitocin ƙungiyar MSF sun auna yara a Shinkafi da Zurmi, suka tarar kamar ɗaya cikin huɗu yana da tamowa. Saboda haka darasin nan ba na yara ba ne, ba kuwa na mai ciki ko mai goyo ba. Na manya ne masu zama wuri ɗaya, irin su mai kanti a Ƙaura, da direban mota, da dillali mai wuni bisa benci.

Ƙaƙa mutum zai san ƙibarsa ta wuce kima? Ga dabara, ba sai da sikeli ba. A sami igiya a auna tsawon mutum daga ka har ƙasa. A ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita wajen cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, to, tumbi ya yi yawa. Sai a je asibiti a auna jini da sukari.

Rage ƙiba ba asiri ba ne. A rage loma, a rage mai da zaƙi, a riƙa tafiya a ƙasa kamar rabin sa'a, kwana biyar a mako. Kwalbar lemo guda tana iya ɗauke da sukari cokalin shayi 8 ko fiye. Mai kilo 100 in ya rage kilo 5 kawai, lafiyarsa za ta ƙaru. Kowa yana iya farawa. Wuyar abin ita ce ɗorewa. Mutum ya yi kwana uku yana ƙoƙari, ran na huɗu a yi biki, shi ke nan ya manta.

Nan ne waya ta ke da amfani. Tun 2001 aka fara wayar salula a Nijeriya, yanzu ga ta a aljihun manomi. Saƙon tes ba ya bukatar waya mai tsada. Yana zuwa kullum ya tuna wa mutum niyyarsa. A ƙasar Senegal, tun 2014 aka fara aika wa masu ciwon sukari irin wannan saƙo a watan azumi, ana gaya musu yadda za su ci su sha in an sha ruwa.

Shin saƙo kaɗai ya isa? An gwada a Birtaniya da maza 585 masu ƙiba, aka ba da labarin gwajin a 2024. An raba su kashi uku. Bayan shekara guda, waɗanda ba a aika wa kome ba sun rage kamar 1 cikin 100 na nauyinsu. Masu samun saƙo kaɗai sun rage kusan 3. Waɗanda aka haɗa musu saƙo da alkawarin kuɗi in sun cika sharaɗi sun rage kusan 5. Kun ga ashe saƙo ɗan tuni ne kurum, aikin yana wuyan mai jiki.

Mu ba mu da kuɗin rabawa, amma muna da juna. Ga yadda za mu yi a ajinmu na Birnin Tsaba. Duk mai bukata ya zaɓi aboki guda, namiji da namiji, mace da mace. Kowace safiya ɗaya ya rubuta wa ɗaya gajeren saƙo. Ga misali:

"Malam, yau cokali ɗaya a shayi."

"Yaya, kin zagaya tsakar gida bayan la'asar?"

Wanda aka aika wa lalle ya ba da amsa, ko da kalma ɗaya ce. Ban da gori, ban da ba'a. Wanda aka kunyata ba ya sake buɗe saƙo. Kada kuma kowa ya rubuta wa wani sunan magani, wannan aikin likita ne. Mai shan maganin sukari ya shawarci malamin asibiti kafin ya rage ci.

In babu sabis, kamar yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021, sai a rubuta a takarda a ba yaro ya kai. Ran Juma'a ta ƙarshen wata a sake gwada igiya.

Aiki: Kowa ya rubuta saƙo biyu a littafinsa, kada kowanne ya wuce kalma goma. Gobe za mu karanta su a aji.