Darasin Lafiyar Iyali: Idan Tantanin Ido Ya Ɓalle

'Yan'uwa, a can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani mai karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. Idan ya yage, ruwan cikin ido yakan shiga ƙarƙashinsa ya ɗaga shi, kamar yadda danshi ke ɓamɓare yaɓen bango. Abin lura shi ne, wannan ciwo ba ya zafi, shi ya sa mutane da yawa ke yin sakaci da shi.

Alamominsa

Mutum yakan ga walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen ɗigo masu yawa suna yawo farat ɗaya, ko wani duhu kamar labule yana rufe gani daga gefe. Masu ciwon suga, da waɗanda ba sa hangen nesa, da wanda aka buge a ido ko aka yi masa aikin yana, su suka fi shiga haɗari.

Abin da tiyata ke iya yi

A da, wannan ciwo makanta ne kawai. A shekarun 1920 wani likitan Suwizalan, Jules Gonin, ya nuna cewa toshe yagewar shi ne magani. A farkon shekarun 1970 kuma Robert Machemer ya fito da aikin cire ruwa mai kauri na cikin ido. A yau, idan an zo da wuri, kusan tara cikin goma tantanin yakan koma mazauninsa.

Amma idan an daɗe, tabo yakan tsiro ya takure tantanin. Nan ne ciwon ke rikicewa. Dole likita ya ɓare tabon, ya cika idon da iska ta musamman ko man silikon domin ya danne tantanin. Sau da yawa akan yi aiki fiye da ɗaya, man kuma akan cire shi bayan watanni. Ko tantanin ya manne, gani ba ya dawowa duka idan tsakiyarsa ta daɗe a ɓalle. Duk da haka, ganin hanya da gane fuskar jika ba ƙaramar riba ba ce.

Aikin iyali

Wanda ya ga alamomin nan a Gombe, ya tafi sashen ido na Asibitin Koyarwa na Tarayya a ranar. Kada a tsaya ɗiga maganin gargajiya. Idan an tura ku Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko Asibitin Ido na ECWA a Kano, dangi su haɗa kuɗin mota ba tare da jinkiri ba. Bayan aiki, a taimaki majinyaci ya riƙe kansa yadda likita ya ce, kada kuma ya hau jirgin sama muddin iskar tana cikin idon.

Tambaya domin tattaunawa: wane ne a gidanku yake da ciwon suga, yaushe rabon a duba idonsa?