Darasi na 14: Kalmar «ruwa»

Kelle gari ne a ƙasar Kutus, arewa da Gure, cikin jihar Damagaram. Damina gajera ce a can. Mutanen garin ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Sun san darajar ruwa.

Wata safiya Hadiza ta dawo daga rijiya da tulu a kai. Ta ce: «Inna, ga ruwa.» Wannan shi ne ruwan sha. Da yamma hadari ya taso daga gabas. Baba ya ce: «Yau za a yi ruwa, gobe sai shuka.» Wannan kuma ruwan sama ne.

Kalmar ɗaya ce, amma ma'anarta tana sakewa:

1. Abin da ake matsowa daga ɗan itace: ruwan lemo.
2. Launi: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro.
3. Ƙarfen wuƙa mai yanka: ruwan wuƙa.
4. Buɗa baki da azumi: an sha ruwa.
5. Kasa zaɓe: yaro ya yi ruwan ido a kasuwa.
6. Abin da bai shafi mutum ba: ba ruwansa.

Akwai kuma wani ruwa wanda ba ya kashe ƙishirwa. Bara hatsi ya ƙare a rumbun Baba tun kafin kaka. Ya ci bashin jikka 10 wurin wani ɗan kasuwa. Da kaka ta yi, aka ce ya biya jikka 15. Jikka 5 ɗin nan da aka ɗora su ne kuɗin ruwa. Sai da Baba ya sayar da akuya ya biya. Shi ya sa bana ya hana a taɓa hatsin ajiya.

A Faransanci kowane yana da sunansa: eau, pluie, jus, intérêt. A Hausa kuwa, kalmomin da ke kusa da «ruwa» su ne ke nuna abin da ake nufi.

Tambayoyi
1. Wane ruwa Hadiza ta kawo?
2. Don me Baba ya sayar da akuya?
3. Mene ne ruwan ido?

Aiki
Ku rubuta jimla uku da kalmar «ruwa», kowace da ma'anarta dabam. Ku tambayi manya a gida ma'anar wannan karin magana: «Ruwa ba ya tsami banza.»