Yadda Ake Gane Bakteriyar da ke Cikin Tsutsa Mai Kashe Ƙwari

A cikin ƙasar noma akwai wasu tsutsotsi sirara kamar zare, waɗanda masana ke kira nematod, kuma tsawon yawancinsu bai kai milimita 1 ba, saboda haka sai da madubin ƙara girman abu ake ganinsu sosai. Wasu daga cikinsu suna ɓata saiwar tumatir da kuɓewa, amma akwai zuriya biyu da ke taimakon manomi domin ƙwari suke kashewa, wato Steinernema, wadda aka fara bayyana ta a Jamus a shekarar 1923, da Heterorhabditis, wadda masanin Amurka George Poinar ya raɗa wa suna.

Wane ne ke kisan?

Tsutsar ba ita kaɗai ke kashe ƙwaro ba, domin a cikin hanjinta tana ɗauke da bakteriya, wato halitta mai rai wadda ƙwaya ɗaya tak ce. Idan tsutsar ta shiga jikin gwazarma ko wani ƙwaro ta baki ko ta dubura ko ta ƙofofin numfashi, sai ta saki bakteriyar cikin jininsa, su kuma su hayayyafa su fitar da dafi, har ƙwaron ya mutu cikin sa'o'i 24 zuwa 48. Bayan haka bakteriyar kan fitar da sinadaran da ke hana wasu ƙwayoyin cuta mamaye gawar, yayin da tsutsar ke ci tana haihuwa, har 'ya'yanta su ɗebi bakteriyar su fita neman wani ƙwaron. Kowace zuriya da abokiyar zamanta: Steinernema tana tafiya da bakteriyar Xenorhabdus, ita kuwa Heterorhabditis da Photorhabdus, wadda kan mayar da gawar ƙwaro ja, kuma takan ba da ɗan haske a cikin duhu.

Dalilin duba sinadarin gado

A da, masana kan dogara da kamanni, wato launin bakteriya idan an raine ta a faranti da irin abincin da take narkarwa. Wannan hanya takan ruɗar da mai bincike, domin bakteriya ɗaya kan sauya launi da hali idan ta daɗe a ɗakin gwaje-gwaje, kuma iri biyu daban-daban kan yi kama da juna. Shi ya sa har zuwa shekarar 1993 ana lissafa Photorhabdus cikin zuriyar Xenorhabdus, sai da aka gwada sinadarin gadonsu aka raba su. Wannan sinadari, wanda ake kira DNA, shi ne ke ɗauke da bayanin halittar kowane abu mai rai, kuma an jera shi ne da tubala iri huɗu da ake rubutawa da haruffan A da T da G da C.

Matakan aikin

Da farko ana ɗebo ƙasa daga gona a sanya mata tsutsar asun da ke cin kakin zuma a matsayin tarko, idan ta mutu sai a ɗebi jininta a shafa a farantin rainon bakteriya. Daga nan sai a fasa bakteriyar a ciro DNA, a nemi wani yanki nasa mai suna 16S, mai haruffa kimanin 1,500, wanda kowace bakteriya ke da shi amma jerinsa ya ɗan bambanta daga iri zuwa iri, kamar yadda tsagar gado ke nuna asalin mutum. Da yake abin da aka ciro kaɗan ne, ana ninka shi sau miliyoyi ta hanyar da ake kira PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, sannan na'ura ta karanta jerin haruffan, a kwatanta shi ta intanet da waɗanda ke ajiye a rumbun GenBank na Amurka. Idan iri biyu sun yi kusa ƙwarai har 16S ya kasa raba su, sai a ƙara da wasu yankuna kamar recA da gyrB, ko kuma a karanta DNA ɗin gaba ɗaya.

Amfanin wannan sani

Tabbatar da irin bakteriya yana taimakawa wajen zaɓen tsutsar da ta fi ƙarfin kisa kuma ta dace da ƙasa mai zafi, abin da ake buƙata wajen yaƙi da tsutsar masara da ta ɓulla a Afirka ta Yamma a 2016. Yana kuma kare lafiya, domin akwai irin da ake kira Photorhabdus asymbiotica wanda ya taɓa kama mutane a Amurka da Ostareliya, kuma dole a bambanta shi da sauran kafin a kai tsutsa gona. Haka nan daga Photorhabdus aka gano wani sinadarin kashe ƙwayoyin cuta mai suna darobactin a 2019.

Tambayoyi

1. Wace bakteriya ce ke tafiya da Heterorhabditis?
2. Me ya sa kamanni kaɗai bai isa a gane bakteriya ba?
3. Mene ne aikin PCR?