Yadda Ake Kiwon Kunkuru a Gida Ba Tare da Ya Yi Ciwo Ba

A gidaje da dama a Kazaure da Roni za ka tarar da kunkuru kwance a gindin rumbu, ya fi wasu yaran gidan shekaru. Yawancinsu irin babban kunkurun dajin Sahel ne, wanda kan haura kilo 40 in ya riƙa. Kuma kusan duk ciwon da ke kama shi daga hannunmu yake fitowa.

Fara da wurin kwana. A daji rami yake haƙawa, can yake fakewa daga zafin bazara da sanyin hunturu. Ware masa lungu mai ƙasa, inda akwai rana da inuwa, ka bar shi ya yi tono. Daɓen siminti ba wurinsa ba ne. Daga Disamba zuwa Janairu ka zuba masa busasshiyar ciyawa, ka tare masa iska, domin jikinsa ba ya ɗumama kansa kamar na akuya. In ka ga majina na kumfa a hancinsa, yana buɗe baki yana numfashi, sanyi ya shiga ƙirjinsa. Da damina kuma kada ya kwana a caɓi, ƙasan ƙoƙonsa kan ruɓe har ya yi wari.

Sai abinci, kuma nan aka fi cutar da shi. Ragowar tuwo, wake, ƙanzon shinkafa, duk ana tura masa don an ga yana ci. Ci yake yi, amma hanjinsa na ciyawa ne. Irin wannan cima ita ke sa bayansa ya yi tudu-tudu maimakon ya yi sumul, ta kuma taimaka wajen tara masa tsakuwa a mafitsara. Ba shi ciyawa, ɗanya da busasshiya, da ɗan ganyen kabewa jifa-jifa. A daka ɓawon ƙwan da aka dafa, a barbaɗa masa sau biyu a mako. Wannan da hantsin safe su ke ƙarfafa ƙashi. Ɗan kunkurun da aka kulle a ɗaki ba ya ganin rana, ƙoƙonsa laushi yake yi har yatsa ya lotsa shi.

Masu cewa kunkuru ba ya shan ruwa sun yi kuskure. Ajiye masa ruwa a faffaɗan kasko mara zurfi. In kunkurun ƙarami ne, a riƙa tsoma shi a ruwa mai ɗumi na minti 15, iyakar haɓarsa.

Duk mako ka duba hammatarsa da gindin wutsiya, nan kaska ke maƙalewa. Cire ta a hankali har da kan, ban da kananzir ko baƙin mai. Kada kuma ka sayo allurar Ivermectin da ake yi wa shanu da tumaki ka yi masa. Tana shanye jikin kunkuru, tana kashe shi. Ko kana Gwiwa ko Babura, gara ka nemi likitan dabbobi.

Abin da ya fi sosa min rai shi ne huda gefen ƙoƙonsa a ɗaura igiya. Ƙashi ne mai rai, da jini da jijiya, yana jin zafin. In gudun ɓata ake yi, a kewaye masa wuri da bulo.

Kashinsa na iya ɗaukar ƙwayar Salmonella mai sa zawo da zazzaɓi. Iyaye mata, duk yaron da ya taɓa shi a wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci abinci, 'yan ƙasa da shekara 5 kuwa a raba su da wasa da shi.