Shingen ƙanƙara a kan rufin gida

Monreyal babban birni ne a ƙasar Kanada, can arewacin nahiyar Amurka. Yawancin mutanensa Faransanci su ke yi. Hunturun can ya fi na Damagaram tsanani nesa ba kusa ba. Ruwa yana daskarewa a digiri 0. A Monreyal kuwa, cikin watan Janairu, ma'aunin zafi ya kan sauka digiri 10 ƙasa da 0, wani lokaci har ya wuce. Maimakon ruwan sama, sai dusar ƙanƙara ta yi ta zuba, fara fat kamar auduga. Wadda ke zuba a shekara guda, in an tara ta, tsayinta ya kan kai mita 2.

Rufin wasu gidajen can mai gangare ne. A kan jera masa ƴan falle-fallen kwalta, na sama ya hau bakin na ƙasa, kamar yadda a ke baibaye jinka. Ruwan da ke gangarowa ba ya samun hanyar shiga. Amma in ya tsaya, ya koma da baya, to, ya samu.

Me zai tsai da ruwa a kan gangare? Zafin cikin gida ne ke jawo haka.

Mutane suna ɗumama ɗakunansu dare da rana. Iska mai ɗumi kullum sama ta ke yi. Sai ta bi ta ƴan kafofi, ta shiga filin da ke tsakanin rufin ciki da rufin waje, ta ɗumama rufin waje. Dusar da ke kwance a kansa ta fara narkewa daga ƙasa. Ruwan ya gangaro har bakin rufi. Shi kuwa bakin rufi ya zarce bango, babu ɗaki a ƙarƙashinsa, saboda haka sanyi ƙarara gare shi. Nan ruwan ke sake daskarewa. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ƙanƙara ta zama shinge. Ruwan da ya biyo baya ya taru, ya kutsa ƙarƙashin falle-fallen, ya zubo cikin gida. Bango ya yi tabo, katako ya ruɓe, ɗaki ya yi funfuna. Wanda ya taɓa ganin soro da indararo a toshe cikin damina ya san irin wannan ɓarna.

Maganin abin shi ne rufin waje ya zauna da sanyi ko'ina, daga ƙoli har baki. Mai gida ya kan toshe kafofin nan da ke gefen fitilu da bututai. Sannan ya shimfiɗa abin tare zafi a bisa rufin ciki, ko audugar gilashi ko niƙaƙƙun tsofaffin jaridu, da kauri sosai. A kan kuma bar ƙofofin iska a bakin rufi da ƙolinsa, don iskar waje ta ratsa ta kwashe ɗumin da ya tsere. Kafin hunturu, a kan kwashe ganyen da ya cika magudanar rufi.

In dusa ta zuba da yawa, mai gida ya kan tsaya a ƙasa, ya jawo ta bakin rufi da manjagara mai doguwar ƙota. Wasu su kan hau tsani da gatari don su fasa shingen. Wannan ganganci ne: gatari yana huda rufi, tsani kuma yana zamewa a kan ƙanƙara.

Tambayoyi

1. Don me ruwa ke sake daskarewa a bakin rufi?
2. Gidaje biyu suna maƙwabtaka. Dusar rufin ɗaya ta narke, ta ɗayan tana nan. Wanne ne ke asarar zafi?